Hoto Ba Ya Tsufa, Mai Hoto Ke Tsufa



Yau ina so mu yi hira a kan mutanen da muke gani cikin silima. Mukan gan su a jikin farin ƙyalle, ko cikin talabijin, ko cikin wayar hannu. Su ba mu dariya, su ba mu tausayi. In wasa ya ƙare, sai mu kaɗe tabarma mu tafi gida. To, su fa, ina suke zuwa? Wa yake tunawa da su in sun tsufa? Tambayar ta fi nauyi in mai wasan yaro ne ko yarinya. Yaro bai san ciniki ba, kuma ba ya tunanin gobe.

Zan ba ku labari uku. Na fari daga ƙasarmu Nijar. Na biyu daga Indiya. Na uku daga nan Takanamat, cikin ajin da nake koyarwa.

Budurwa bisa doki

Mutanen Tawa da yawa sun san Mustafa Alasan. An haife shi cikin shekarar 1942 a Ndunga, kusa da Yamai. Da fari makanike ne. Daga baya ya koyi aikin silima, ya zama ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi fim a Nijar. Ya zauna Tawa shekaru masu yawa, yana da gidan saukar baƙi. A nan yake zane-zane, yana ƙera ƴan tsana, yana sa su motsi cikin fim kamar masu rai. Akwai wani fim nasa mai suna Kokowa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokowa a fage. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga watan Maris 2015. Allah ya jiƙansa.

Cikin 1966 Mustafa ya yi wani fim mai suna da Faransanci, Le retour d'un aventurier. Da Hausa sai mu ce Dawowar Ɗan Bida. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: manyan huluna, da wanduna, da bindigogi. Ya raba wa abokansa. Suka sake suna, suka hau dawaki, suka hana gari sakat. Mu mutanen Adar mun san irin wannan labari. Mun ga ɗan bida ya dawo daga Abijan da sabon hali, har iyayensa su kasa gane shi.

Cikin ƴan kaboyin nan akwai mace ɗaya. Sunanta Zalika Sule. An haife ta a Yamai cikin 1947. Lokacin ba ta cika shekara 20 ba. Ta sa wando da hula, ta ɗaura bindiga, ta hau doki. Ita ce mace ta farko a Nijar da ta ɗauki wasan silima ya zama sana'arta.

Bayan haka ta yi aiki da Umaru Ganda. Cikin fim ɗinsa Wazzou, ta fito a matsayin matar wani alhaji da za a yi wa kishiya. Kishi ya kai ta ga kisan kai. Cikin 1972 wannan fim ya ci babbar kyautar bikin silima na Afirka da ake yi a Wagadugu. Shi ne fim na farko da aka ba wannan kyauta. Sunan Nijar ya ɗaukaka, sunan Zalika ya zagaya ƙasashe.

Amma a gida abin ya bambanta. Mutane da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba. Sun ga ta yi mugun hali cikin fim, sai suka ce halinta ke nan. Aka zage ta a hanya, aka yi da ita a bayan ido. Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga watan Janairu 1981. Kuɗin yin fim ya ƙafe a ƙasar. Gidajen silima suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya yanke wa Zalika. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

Sai wata ƴar Nijar, Rahmatu Keita, ta ɗauki na'urar ɗaukar hoto ta tafi neman ta. Ta same ta a Yamai cikin gida mai ɗaki biyu, ita da ɗiyanta huɗu, ba lantarki, ba famfo. Ta yi fim a kan rayuwarta, ta sa masa suna Al'leessi, wato ƙaddara. Fim ɗin ya fito cikin 2004. Cikin 2005 aka nuna shi a babban bikin silima na garin Kan, a Faransa. A ƙarshensa an faɗa mana cewa Zalika ta bar ƙasa, ta tafi aikatau a gidajen mutane a ƙasar waje. Ta rasu a Yamai ran 27 ga watan Yuli 2021, tana da shekara 73. Allah ya yi mata rahama.

Na ga wannan fim a Tawa, lokacin wani horo na malaman yaƙi da jahilci. Rahmatu ta jera hoto biyu. A na fari ga budurwa bisa doki tana sukuwa. A na biyu ga dattijuwa tana aikin gida, tana ba da labarin da. Mutum ɗaya ce. Budurwar da ke bisa doki tana nan yadda take tun 1966, ko gashi ɗaya bai yi fari ba. Ba ta jin yunwa, ba ta biyan kuɗin haya. Mai hoton ce ta ɗauki wannan kaya duka.

Yaron Bangal

Kada ku ce a Nijar kaɗai ake haka don mu matalauta ne. Bari mu leƙa Indiya, ƙasar da ta fi kowa yawan fim.

Finafinan Indiya da muka saba gani, masu waƙa da rawa cikin lambu, yawancinsu daga birnin Bombai suke, wanda yanzu ake kira Mumbai. Amma can gabashin ƙasar akwai wani yanki da ake kira Bangal. Ƙasar shinkafa ce da ruwan sama mai yawa. Babban birninsu Kalkata. Suna da harshensu, suna da silimarsu.

Cikin 1952 wani mutumin Kalkata, Satyajit Rai, ya fara fim ɗinsa na farko. Sunan fim ɗin Pather Panchali, wato Waƙar Ƴar Hanya. Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye. Maigida ya tafi neman kuɗi ya daɗe bai dawo ba. Uwargida tana fama da ɗiya biyu, yarinya Durga da ƙanenta Apu. Rufin ɗaki yana yoyo, tukunya ba kullum take hawa murhu ba. Wata rana yaran suka ruga cikin ciyawa mai tsawo don su ga jirgin ƙasa. Daga baya ruwa ya doki Durga, zazzaɓi ya kama ta, ta mutu. Uban ya dawo da tsarabar zane dominta, bai san ta mutu ba. Duk macen Adar da mijinta ya taɓa tafiya bida za ta gane wannan fim ko ba tafinta.

Satyajit ya sha wuya kafin ya sami yaron da zai fito Apu. Ya sa sanarwa cikin jarida, yara suka zo da yawa, ba wanda ya yi masa. Sai matarsa ta hango wani yaro a unguwarsu, mai manyan idanu. Sunansa Subir Banaji. Shi aka ɗauka. Kuɗi ya riƙa yankewa, har matar Satyajit ta jinginar da kayan adonta. Aikin ya ci kusan shekara 3. Fim ɗin ya fito cikin 1955. Cikin 1956 ya ci kyauta a garin Kan. Har yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan duniya. Idanun yaron nan suna cikin littattafai, suna jikin bango a ƙasashe da yawa.

Satyajit ya ƙara fim biyu a kan Apu, ɗaya cikin 1956, ɗaya cikin 1959. Amma wasu ne suka fito Apu a cikinsu. Subir ya koma unguwarsu. Ya girma, ya shiga neman abinci kamar kowa. Ya yi aikin ƙarfi a wata masana'anta a gefen Kalkata. Duniya ta riƙe Apu, ta saki Subir.

Bayan kusan shekara 60, wani mai shirya fim, Kaushik Ganguli, ya tuna da shi. Ya yi fim mai suna Apur Panchali, wato Waƙar Apu. Wasu ƴan wasa ne suka fito a matsayin Subir, ɗaya yana saurayi, ɗaya yana tsoho. Cikin labarin, wani ɗalibi ya zo wa tsohon da takarda, ana gayyatarsa Jamus don a girmama shi. Tsohon ya ƙi sauraro. Ba ya so a kira shi Apu. Sunan ya zame masa kaya: kowa yana tambayar yaron cikin hoto, ba mai tambayar mutumin da ke tsaye gabansa. Sannu a hankali ɗalibin ya shawo kansa, ya ba da labarinsa. Shi ma Ganguli ya jera hoto biyu, tsohon fim da rayuwar Subir, yadda Rahmatu ta yi. Wannan aiki ya ba shi kyautar gwanin masu shirya fim a bikin Gowa na Indiya cikin 2013. Cikin 2014 aka fara nuna fim ɗin a gidajen silima.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Yarinyar da ta fito Durga sunanta Uma Dasgupta. Ita ma ba ta zama ƴar wasa ba. Ta ci gaba da karatunta, ta zama malamar makaranta, ta koyar da yara shekaru masu yawa. Ta rasu cikin watan Nuwamba 2024, ta haura shekara 80. Silima ta ba ta suna tana yarinya. Abin da ta ci har tsufanta kuwa, karatu ne ya ba ta.

Zabayar garinmu

Yanzu mu dawo gida. Cikin ajin mata da nake koyarwa akwai wata dattijuwa. Ba zan faɗi sunanta ba. Inna nake ce mata. Ta haura shekara 50. Tana saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ran kasuwa.

A zamanin da kowane gari yake da ƙungiyar waƙa da rawa ta matasa, Inna ce zabayar ƴan matan garin nan. Ba ta wuce shekara 12 ba. Tsofaffi sun ce in ta ɗaga murya a dandali, har masu ɗibar ruwa a rijiya sukan tsaya. Wata shekara aka zo da babbar mota aka kwashe su zuwa Tawa gasa. Ranar ta fara ganin wutar lantarki. Ta yi waƙa gaban manya, ƴan amshi suna amsawa, jama'a suna tafi. Aka ɗauki muryarta. Aka ba ta turmin atamfa da hoto ɗaya, ita da ƙawayenta. Bayan ta dawo takan ji muryarta a rediyo. Mai magana yakan faɗi sunan gari, ba ya faɗin nata.

Kafin tafiyar, Inna ƴar lakkol ce. Koyon waƙa da tafiya suka cinye mata kusan wata biyu. Da ta koma aji, ƴan'uwanta sun yi mata nisa. Ba wanda ya zauna ya cike mata abin da ya wuce ta. Ta ji kunya, ta daina zuwa. A gida ma ba a damu ba, tun da ana ganin ta riga ta yi suna. Ba a daɗe ba aka yi mata aure. Waƙa ta tsaya. Atamfa ta tsufa ta zama tsumma. Ƴan baƙaƙen da ta fara koya suka gudu.

Hoton kaɗai ya rage. Ta naɗe shi cikin ƙyalle ta ajiye cikin kwalla, shekara fiye da 40. A bayansa akwai rubutu. Ta tabbata a ranta sunanta ne aka rubuta.

Da muka yi wata huɗu muna karatu, wata rana da la'asar ta zo da hoton. Na miƙa hannu in karanta mata. Ta ce: "A'a, Mushe. Bari in gwada da kaina."

Ta ɗora yatsa bisa baƙin farko. Ta ce ta. Ta ce ka. Ta ce na. Ta ce mat. Sai ta yi shiru. A ƙasa akwai lambobi huɗu na shekara. Ba wani abu kuma.

Ta ɗago kai ta ce: "Mushe, ashe gari sunka rubuta. Ba su rubuta ni ba."

Ajin ya yi tsit. Na ce: "Inna, akwai sauran wuri a takardar."

Ta ce: "To, ɗana, ara mini alƙalaminka."

Ta rubuta sunanta da na mahaifinta, baƙi ɗaya bayan ɗaya, hannu yana rawa. Sannan ta juya hoton ta ƙirga ƴan matan da ke ciki. Su bakwai ne. Uku sun riga mu gidan gaskiya. Ɗaya tana aure a Nijeriya. Ta ce su ma sai an rubuta su. Sauran matan aji suka taya ta haɗa baƙaƙe. Aikin ya ci mana zama biyu. Yau bayan hoton nan ya cika da sunaye bakwai.

Abin da Rahmatu Keita ta yi wa Zalika ke nan. Abin da Ganguli ya yi wa Subir ke nan. Sun juya hoto, sun rubuta sunan mai shi. Sai dai su wani ne ya zo daga baya ya yi musu. Inna kuwa da hannunta ta yi.

Ɗiyanmu na yau

Wani zai ce wannan labarin da ne. To, ku duba da kyau. A zamanin Zalika na'urar ɗaukar fim sai birni, sai mai hali. Yau tana cikin aljihun kowane saurayi. Ɗan bida ya dawo da waya, ya ga yaro mai ban dariya ko yarinya mai murya, ya ɗauka, ya tura WhatsApp ko TikTok. Kafin sati ya zagayo, an gan shi a Kano, an gan shi a Abijan. Wasu ma suna samun kuɗi da irin waɗannan hotuna. Yaron kuwa a saya masa alewa.

Ban ce a hana yara wasa ba. Murya mai daɗi baiwa ce, ban dariya ma baiwa ce. Ƙasa tana bukatar mawaƙa da ƴan wasa. Amma ga shawara biyar, gare ni da ku.

Ta ɗaya: karatu ne gaba. In ana son ɗanka cikin wasa, a bari sai lokacin hutu. In dole ya rasa kwana uku a lakkol, ka je ka ga mushensa, ku shirya yadda zai cike su.

Ta biyu: in akwai kuɗi cikin abin, a rubuta. Nawa ne? Wa zai biya? Yaushe? Kada ka dangwala yatsa bisa takardar da ba ka karanta ba. Yanzu kun iya baƙaƙe. In takardar da Faransanci take, ka nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka, kalma bayan kalma.

Ta uku: kuɗin yaro na yaro ne. A saya masa tunkiya ko akuya da sunansa, a saya masa littafi da alƙalami. Tunkiya tana haihuwa. Tafi kuwa, da an tashi daga dandali ya ƙare.

Ta huɗu: kada a ɗauki yaro yana kuka, ko yana zagi, ko ba sutura, don mutane su yi dariya. Hoto ba ya mantuwa. Ranar da yaron nan zai je neman aure, hoton yana nan yana jiransa. Kuma ku koya wa yara cewa wasa daban, hali daban, don kada a yi wa wani abin da aka yi wa Zalika.

Ta biyar: mu nemi namu na da. Kowane gari na Adar yana da tsohuwar zabaya, ko tsohon makaɗi, ko ɗan kokowar da ƙarfi ya bari. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa cikin 1975, kuma sunan Kantu na Maraɗi da ya ci ta yana rubuce. Amma waɗanda suka yi kaye a dandalin ƙauye fa, wa ya rubuta su? Ku je ku gaishe su. Ku kai musu goro. Ku zauna su ba ku labari. Ku rubuta sunansu da na garinsu, da abin da suka yi, da yadda suke zaune yau. Ko layi biyar ne ya isa. In sun yarda, ku ba malaminku ya aiko wa wannan mujalla tamu.

Mun ci daɗin muryarsu da ƙarfinsu suna yara. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba su ilimi mai amfani. Amin.